Faifan da Ke Ƙarƙashin Farin Yadi

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yage shafukan farko na littafin darasina na bara, sauran sun zama nawa. Ba wanda zan gaya wa magana a gidan nan yanzu. Kowa a ƙasan maƙoshi yake magana, kowa da kwano ko buta a hannu.

Kwana goma sha tara ke nan tun da Kaka ya faɗi a wajen alwala. An sallamo shi daga asibiti ana gobe Sallah, likita ya ce a kai shi gida ya huta. Abba bai kalli kowa ba lokacin da yake faɗa mana haka. Kaka ba ya magana. Hannunsa na dama da ƙafar sun daina motsi. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana kiran salla a masallacin unguwarmu ta Liman Abaji, har mutanen Angwan Iya suna cewa muryar Malam Lawal ce ke tashinsu. Yanzu wani ne ke kira, yana sauri kamar an biyo shi.

Da, in na shiga ɗakinsa sai ya ce, "Amarya, yau ma littafin soyayyar ne? Ga ni a zaune kina neman wani a takarda." Ni kuma in ce, "Tsoho, sai ka sa haƙoran gaba tukuna." Yau na shiga na ce, "Angona, ga kunu." Ya dube ni kawai. Yatsunsa na hagu suna ta motsi a kan zanin gado. Inna Huraira, kakata, ta ce tasbihi yake yi.

Na gaji, ban kuma yi wani aikin kirki ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Abba bai je Abuja aiki ba yau. Ya ce a buɗe akwatin ƙarfen Kaka a duba farin yadin nan da ya zo da shi daga Makka, ko gara ta taɓa shi. Ba wanda ya tambayi dalili.

Yadin lafiyarsa ƙalau. Amma da Inna ta ɗaga shi sai ga wani abu mai faɗi a ƙarƙashi, naɗe da tsohuwar sallaya. Kwali ne mai hoto, a cikinsa da wani baƙin faifai mai sheƙi, faɗinsa ya kai murfin tukunyar tuwo. Inna ta ce faifan garmaho ne. Ni ban taɓa ganin irinsa ba sai yau.

A hoton samari biyar ne jingine da wata tsohuwar mota, wandunansu masu faɗin baki, gashi buzu-buzu kamar sun kifa kwando. A sama an rubuta The Antau Boys, a ƙasa Hanyar Akwanga, 1977. Na tsakiyar yana rungume da jita, yana dariya, ga tabo a girarsa ta hagu. Na san tabon nan. Kullum ina goge shi da tsumma mai sanyi.

Abba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Inna, wane ne wannan?"

Inna ta ce, "Ubanka ne, Shamsu. Ko ka zaci da rawani aka haife shi?"

Ban taɓa ganin fuskar Abba haka ba. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Ya ce irin wannan abu, duk wanda ya saurara a kan mai shi za a rubuta zunubin, kuma mutum yana cikin wannan hali ba za a bar masa kaya a wuya ba. Ya miƙo mini ya ce, "Nasiha, ba ke kike hura wutar ruwan zafi ba? Sa shi a murhu."

Na dubi Inna. Ita kuma yadin take ninkewa.

Na kai shi kicin. Na tsaya a kan murhu har hayaƙi ya sa ni hawaye. Saurayin da ke hoton yana da haƙoransa duka. Sai na ɗauki wani tsohon silifas ƙafa ɗaya da ke bakin ƙofa na jefa a wuta don gidan ya yi warin roba. Faifan kuma na taka buhun masara na tura shi cikin silin ɗin sito, ta inda katako ya ɓalle, tsakanin silin da kwanon rufi. Nan nake ɓoye littattafaina don kar Abba ya gani. Shekara biyu ba wanda ya taɓa gano wurin.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da safe

Abba ya ce, "Ya ƙone?" Na ce e. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Wannan addu'ar ta fi mari zafi.

Asabar, 12 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Zafi kamar garin yana kan tanda. Kwana uku babu wuta, ni da Inna muna karɓa-karɓa da mafici a kan Kaka. Hannuna ya yi tsami.

Kafin in ɓoye faifan na karanta sunayen waƙoƙin da ke bayan kwalin. Takwas ne. Ta uku sunanta Priskila. Tun ranar nake saƙa labarinta a raina. Doguwa ce, ina jin 'yar Akwanga ce, iyaye suka hana, ya tsaya a tasha ruwa yana dukansa har motarsu ta ɓace. Shi ya sa ya ɓoye faifan, shi ya sa wani lokaci yakan yi shiru yana kallon bishiyar mangwaro. A littattafan da nake karantawa haka ake yi. Yau ina yi masa fifita na raɗa masa a kunne, "Tsoho, ashe kai ma ka taɓa." Idonsa ya juyo gare ni, ban san ko ya gane ba.

Cokali shida na kunu ya sha. Jiya takwas ne.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Wani tsoho ya zo dubiya, gajere mai furfura, yatsunsa duk tabon ƙuna. Baba Godwin, mai gyaran rediyo a Angwan Iya. Na sha ganin shi da Kaka suna gaisawa a hanya, na ɗauka gaisuwar gari ce kawai. Ya shiga ɗakin ya durƙusa ya ce, "Lawi. Lawi, ni ne." Ban taɓa jin an kira Kaka haka ba.

Sai ya tsura wa hannun hagun ido. Ya daɗe. Ya yi wata 'yar dariya, ya fita da sauri.

Da na kai masa ruwa zaure na tarar yana share ido da hularsa. Ya ce, "Jikar Lawi, kin san abin da yatsun nan suke yi? Jita yake dannawa. Chai! Shekara nawa, hannun bai manta ba."

Ni dai ina tsaye da kofi. Ya ci gaba kamar ba da ni yake ba. Ya ce shi ne mai ganga a cikin samarin nan biyar. Kiɗan rok suke yi irin na Turawa, jita mai lantarki, amma da Hausa suke waƙar. Sun yi wasa a Jos, a Lafiya, a Makurdi. Sun tara abin da suka tara suka tafi Legas, aka buga musu faifai ɗari uku, na farko kuma na ƙarshe. 'Yan kudu suka ce ba sa jin Hausa, 'yan arewa suka ce wannan hayaniyar ba tamu ba ce. Gidan rediyo ya sa su sau biyu. Bayan shekara biyu mahaifin Kaka ya rasu, Kaka ya ajiye jita ya karɓi kiran sallar da tsohon yake yi. Sauran ukun duk sun riga mu gidan gaskiya. Faifan da ke hannun Baba Godwin kuwa ya tafi shekarar da wayar lantarki ta cinye masa shago.

Inna ta leƙo yi masa ban gajiya. Ya ce, "Hajiya, faifan Lawi fa? Shi kaɗai ya rage a duniya, a iya sanina. Ina da injin da zai sa shi. Ko sau ɗaya ya ji."

Inna ta ce, "An ƙona."

Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To." Ya ɗauki kekensa bai hau ba, ya tafi yana turawa.

Maganar tana nan a bakina. Kunya ta riƙe mini harshe kamar kullum. A littafi da yarinyar ta bi shi da gudu. Ni kofi na wanke.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Na taka buhun na sa hannu cikin silin. Iskar da ke ciki ta ƙona mini fuska. Littattafaina suna nan lafiya, ɗumi kawai suka yi. Kwalin na ji ya kumbura.

Na zaro faifan. Ya lanƙwashe. Gefensa ya yi tudu da kwari kamar ganyen kabeji. Na ɗora shi a kan tire yana rawa, ya ƙi zama.

Kwana bakwai a ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu. Ni na ɗauka kamar littafi ne, duk inda ka sa shi zai jira ka. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin narkewa yake.

Laraba, da yamma

Ashe na ƙona shi ɗin. A hankali kawai na yi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Inna ta aike ni sayen sabulu, na naɗe faifan cikin hijabi na wuce Angwan Iya. Sau uku ina wuce shagon Baba Godwin ina dawowa, har mai sayar da rake ya fara kallona. A na huɗu shi ya kira ni.

Na ajiye faifan a kan teburinsa, cikin gawarwakin rediyo, na fashe da kuka.

Ya buɗe. Ya ɗaga shi saitin haske yana juyawa a hankali, ya ce, "A ina kika sa shi?"

Na faɗa masa.

"Cikin silin! Yarinya, ko ƙwai kika sa a can ai da ya dahu." Sai ya ga na ƙara kukan, ya ce, "Ya isa, ya isa. Wanda ya lanƙwashe ya fi toka. Toka ba ta da gyara."

Ya ciro gilashi biyu masu faɗi daga wani tsohon kabad, ya wanke su tas, ya goge faifan da tsumma mai laushi, ya sa shi a tsakani. Ya ce gobe da hantsi zai kai shi rana na ɗan lokaci yana taɓa gilashin da bayan hannu, da ya yi ɗumin jikin mai zazzaɓi sai ya mai da shi inuwa, ya ɗora masa batirin mota, ya bar shi kwana biyar ba a taɓawa. Rana ta lanƙwasa shi, rana za ta miƙar da shi. In ta yi yawa kuma layukan da waƙar ke ciki su shafe, shi ke nan.

Na ce, "Kwana biyar, Baba?"

Ya gane abin da nake tambaya. Ya ce, "In na gaggauta zai koma yadda yake. Ki gaya wa Lawi ya jira ni. Da ma kullum shi ke riga ni shiga waƙa."

Da zan tafi na daure na ce, "Baba, wace ce Priskila?"

Ya yi dariya har da tari. "Priskila? Ga ta nan a hoto, muna jingine da ita. Motarmu ce! Ba ta taɓa kai mu Akwanga ba tare da mun tura ta ba. Waƙar duk zagi ce."

Kwana takwas ina yi wa mota kuka.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Cokali huɗu. Na raɗa masa, "Baba Godwin ya ce ka jira shi." Yatsun suka tsaya, sannan suka ci gaba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da la'asar

Baƙi sun fara zuwa daga Lafiya da Nasarawa, da jakunkuna, ba irin masu gaisuwa su koma ba. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Maza suna karatu a zaure. An ƙwace mini ɗaki, a sito nake rubutun nan a kan buhun masara, ramin silin ɗin yana kallona.

Wata gwaggo ta ce in daina kiransa angona, ba lokacin wasa ba ne. Inna ta ce, "Ƙyale ta. Ita kaɗai ce ba ta yi masa magana kamar ya riga ya tafi."

Na buɗe littafi na karanta shafi ɗaya sau huɗu. Wani attajiri yana ba wata yarinya haƙuri a cikin mota mai sanyi. Na rufe. Na gaji da su duka.

Yanzu ruwa ake ɗiga masa da cokali.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Hadari ya haɗu ya watse. Saura kwana ɗaya. Ya Allah, kwana ɗaya.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Faifan ya miƙe, amma ba duka ba. Gefen yana nan da ɗan tudu.

Baba Godwin ya rufe shagon rabi. Injin wani akwatin katako ne, ya yanka robar cikin tayar babur ya yi masa abin juyawa, ya haɗa shi da batiri. Ya ɗora allurar a bakin faifan, sai ta yi tsalle ta faɗo. Ya sake, ta sake. Waƙa ta farko, ta biyu, ta uku, duk sun tafi. Priskila ta tafi ke nan. Ya juya ɗaya fuskar, haka. Yana ta magana da yarensu a ƙasa-ƙasa.

Sai ya ce zafi gefe yake fara ci, tsakiya ta fi ƙarfi. Ya matsar da allurar can ciki kusa da takardar tsakiya, waƙa ta ƙarshe.

Da farko ƙara ce kamar ana suyar ƙosai. Sai jita ta shigo. Ban san yadda zan rubuta ta ba. Kamar injin markaɗe ya koyi kuka. Sai ganga, Baba Godwin yana buga gwiwarsa daidai da ita. Sai murya.

Muryar asuba ce. Ita ce, wallahi, sai dai babu tsufa a cikinta. Tana ɗan rawa duk sanda faifan ya zagayo kan tudun, kamar mai waƙa a bayan mota. Yana cewa: Mota ta mutu a Garaku, Hure, kar ki kashe fitila. In da ƙafa ne zan iso, kar ki kashe fitila.

Hure. Huraira. Inna, da take yini tana faɗa a kan an bar murfin randa a buɗe.

Minti huɗu ce. Cikin takwas, ita da wata ɗaya suka tsira, sauran shida ni na kashe su. Na faɗa wa Baba Godwin haka. Ya ce, "Ke kika kashe shida, ke kika ceci biyu. Je ki san yadda za ki yi da babanki. Ni ba zan shiga gidan mutum da kiɗa ta bayan idonsa ba."

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na sami Inna ita kaɗai tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, ban ƙona ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Silifas ɗina na banɗaki ƙafa ɗaya ya ɓata ranar, kina tsammani ban iya ƙirga ƙafafuna ba?"

Na ce, "To me ya sa kika ce wa Baba Godwin an ƙona?"

"Ina jira in ga ko kina da baki."

Na gaya mata komai, silin da gilashi da waƙa shida. Da na zo kan fitila sai rariyar ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Maƙaryaci. Sai da gari ya waye ya iso, kananzir ɗina ya ƙare tas." Ta goge ido da gefen zane, garin ya yi mata fari a kumatu. Ta ce in bar mata Abba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

A ɗakin Kaka aka yi, mu huɗu. Abba ya ce da ni, "Kin dube ni kin ce ya ƙone. Na sa miki albarka a kai."

Ya ce da Inna shi ba ƙin mahaifinsa yake ba, tsoron abin da zai tarar yake ji masa.

Inna ta ce, "Shamsu, shekara arba'in da takwas akwai murhu a gidan nan, kullum da wuta. Ya fi ka karatu. Da yana so a ƙona da bai jira ka ba. Kuma ga shi nan kwance, bakinsa ne ya tafi ba hankalinsa ba. Ka tambaye shi mana."

Tun daga asibiti haka muke yi, a riƙe hannun hagun, in e ne ya matse. Abba ya durƙusa ya riƙe. Ya ce, "Baba, faifan nan. A ƙona shi?"

Bai matse ba. Ina jin ƙarar agogon bango.

"A kawo maka ka ji?"

Na ga jijiyar bayan hannun Kaka ta tashi. Ya matse har yatsun Abba suka haɗe. Kwana biyu ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, ban san inda ya samo ƙarfin ba.

Abba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Sau ɗaya. A rufe taga. Ni ba zan zauna ba."

Bai sake yi mini magana ba yau.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Baba Godwin ya zo da hantsi, injin ɗaure a bayan keke an rufe shi da buhu. Inna ta kora gwaggwanni bayan gida tsinke zogale. Na rufe taga. Abba ya sa takalmi ya fita tsakar gida.

Suyar ƙosai, jita, ganga, murya.

Idon Kaka ya buɗe gaba ɗaya, rabon da in ga haka tun azumi. Yatsun da suke ta yawo a kan zani sati biyar suka sami wurin zuwa. Suna sauka daidai inda jitar ke sauka, ko ni da ban san komai ba na gani. Baba Godwin yana buga ƙarfen gado da yatsu biyu yana cewa, "Yauwa, Lawi. Kar ka riga ni. Yauwa." Da aka zo kan fitila, Inna ta sunkuya ta ce, "Ban kashe ba, kai ne ka makara." Gefen bakinsa na hagu ya ɗaga. Babu haƙora, amma dariyar hoton ce.

Ban san lokacin da labule ya motsa ba. Abba ne a bakin ƙofa da takalminsa a ƙafa, bai shigo ba, bai koma ba. Da waƙar ta ƙare allurar tana ta zagaye tana ƙas, ƙas, ba wanda ya ɗaga ta. Abba ya ce, "Muryarsa ce." Ba da kowa yake ba.

Sau ɗaya aka sa, kamar yadda ya ce. Baba Godwin ya naɗe wayoyinsa, ya riƙe hannun Kaka ya ce, "Sai mun haɗu a Garaku." Ya bar faifan a hannun Inna.

Da aka kira azahar na ga leɓɓan Kaka suna bin kiran, yatsun kuma suna motsi. Na tambayi Inna yanzu wanne yake yi, tasbihi ko jita. Ta ce, "Ke dai yi masa fifita."

Lahadi, 27 ga Afrilu, da la'asar

An yi ruwan farko. Na buɗe masa taga ya ji ƙamshin ƙasa. Na ce, "Tsoho, ka ji?" Ya matse, kaɗan.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Yau ba a ce in kawo cokali ba.

Talata, bayan azahar

An ɗauki farin yadin, an yi wa Kaka sutura. Baba Godwin ya bi masu jana'iza har maƙabarta, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Mutane, mutane, mutane. Kowa yana cewa muryarsa, muryarsa. Wani ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar kiran sallarsa a waya. Aka duba, aka tambayi na kusa da masallaci. Babu. Kullum ana ji, ba wanda ya ga dalilin ɗauka.

Na gaji har ƙashina.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Baƙi sun watse. An mai do mini ɗakina. Jiya na koma makaranta, ban ji komai da aka koyar ba.

Ɗazu Abba ya kira ni ɗakin Kaka. Kwana goma sha ɗaya rabon da ya kira sunana. An naɗe katifa, akwatin ƙarfen yana buɗe a tsakar ɗaki. Faifan yana hannunsa. Daga nan ina jin ƙamshin hayaƙi, Inna ta hura wutar tuwo.

Ya ce, "Ƙaryar da kika yi mini ba ta zama daidai ba don abin ya zo da sauƙi. Kin ji?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ni ma ban canza ra'ayina a kan kiɗa ba."

Na ce to.

Ya juya kwalin yana kallon saurayin mai haƙora. Ya shafa tabon girar da babban yatsa. Sannan ya naɗe shi da tsohuwar sallayar ya sunkuya zai kwantar da shi a ƙasan akwatin.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Abba, Baba Godwin ya ce a tsaye ake ajiye shi. Kuma ban da kusa da bangon da rana ke duka."

Ya dube ni. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya tayar da shi tsaye, ya tokare shi da littattafan Kaka ta kowane gefe. Akwatin ya yi fili yanzu da babu yadin. Ya rufe, ya kama hannu ɗaya ya ce, "Kama can."

Muka ja shi zuwa bangon da ke inuwar mangwaro. Ya sa kwaɗo, ya tsaya yana jujjuya makullin a tafin hannunsa, sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Ba cikin silin ba."